Likita ya ce in riƙa jan numfashi, ko sallamata kawai ya yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni dillalin tumatir ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ina zaune a Agege. Tun ƙarfe huɗu na asuba nake fita tarbar mota daga Arewa. Duk ranar da mota ta makara a hanya kaya suka fara ruɓewa, sai ƙirjina ya ɗaure, gabana ya yi ta faɗuwa, da dare kuma barci ya ƙaurace min. Na je asibiti aka auna ni aka ce jinina bai hau ba, likita ya ce in riƙa jan dogon numfashi. Anti, mutumin da bai fasa numfashi ba tun ranar haihuwarsa, me kuma za a koya masa? Ɗanjuma, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam Ɗanjuma, Allah ya sa albarka a nema. Likitan nan bai sallame ka ba. Ya dai gajarce maka bayani ne.

Babban mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Da zarar hankali ya tashi, jiki kan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma gajere daga saman ƙirji. A aikina na jinya, tun kafin mutum ya buɗe baki nakan gane damuwarsa daga yadda kafaɗunsa ke hawa da sauka. Ba ka da ikon ce wa zuciyarka ta rage gudu, amma numfashi yana hannunka, kuma akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da ciki wadda ke taka wa zuciya birki duk lokacin da kake fitar da iska. Shi ya sa fitarwar ta fi shaƙar muhimmanci, kuma a nan mutane da yawa ke kuskure: su cika ƙirji fam da sauri har jiri ya ɗebe su, su ce abin ba ya aiki.

Ka zauna, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cibiya. Ka shaƙa ta hanci kana ƙirga huɗu, na cibiyar ne zai ɗaga, na ƙirjin ya zauna shiru. Sai ka saki iskar ta baki a hankali kana ƙirga shida, kamar mai hura koko mai zafi ga yaro. Hakan zai kai ka wajen numfashi shida a minti. Minti biyar ya isa.

Roƙona, kada ka jira sai direba ya bugo ya ce motar ta lalace a Jebba. Wanda bai saba ba ba zai tuna a wannan lokacin ba. Ka fara bayan sallar asuba kafin ka tashi daga kan darduma, sannan da dare idan ka kwanta. Ni kaina a cikin motar haya ta danfo na saba da shi, a cunkoson gadar Third Mainland, jakata a cinya, hannuna a ƙarƙashinta ba wanda ya sani. Sai dai idan hayaƙin tirela ya turnuƙe ko janareta na aiki kusa da kai, ka bari sai ka matsa inda iska ke da kyau. Goro da shayi mai kauri bayan magariba ma ka rage, suna hana barci.

Numfashi ba zai maye gurbin maganin hawan jini ko na asma ba. Kuma idan ciwon ƙirjin ya zo da zufa, ko ya sauka hannun hagu ko haɓa, ko numfashi ya gagara, kada ka tsaya ƙirge, a kai ka asibiti nan take. Ka gwada na mako biyu ka rubuto min yadda barcin ya kasance. In bai gyaru ba, ka koma wurin likitan ka gaya masa zancen barcin dalla-dalla.