Amsa ga kocin da ya tambaya kan tsara tirenin ɗin yara

Wa alaikumus salam koci. Ka ce an danƙa maka tim ɗin unguwa na 'yan ƙasa da shekara 15, kana so ka san kurakuran da kociyoyi suke tafkawa wurin tsara tirenin. To Allah ya taya ka riƙo, bari in gaya maka abin da na daɗe ina gani a filayenmu.

Babban ciwon shi ne koci ya iso fili bai san me zai koyar yau ba, sai ya zo yake tunani, da ya rasa abin yi sai ka ji "oya ku zagaye fili sau goma", yara su yi ta gudu har harshe ya fito, daga nan a jera su layi ɗaya, yaro ashirin ƙwallo ɗaya, kowa ya buga shot ya koma baya ya jira. Wata rana ka tsaya ka zuba wa yaro ɗaya ido tun daga farko har a tashi, wallahi za ka ji tausayinsa, yawancin lokacin a tsaye yake yana haƙa ƙasa da takalmi ko yana tsokanar na gabansa, sai kuma koci ya hau faɗa wai yaran yanzu ba sa jin magana, alhali shi ya bar su a tsaye.

Ka raba su huɗu da huɗu ko biyar da biyar a ƙananan filaye, in babu kon, wato robobin sa alama a fili, ka cika robobin ruwa da yashi ka yi iyaka da su. A nan yaro zai karɓi fasin, ya yanke mutum, a ƙwace masa, ya bi ya ƙwato, kuma gudun da kake nema zai yi shi bai ma sani ba. Babban ɗan wasa yana cin wajen kilomita 10 a minti 90 amma mafi yawa tafiya ce da sassarfa, sai ɗan gajeren gudu mai ƙarfi, birki, juyawa. Zagaye fili ba ya koyar da wannan ko kaɗan.

Sai masu mayar da kowace rana ranar wahala. Wasa ranar Asabar, Juma'a da yamma koci ya kashe yara da gudu wai yana ɗora su, gobe minti talatin ƙafa ta yi nauyi. Aiki mai nauyi tsakiyar sati ake yinsa, jajibirin wasa bugun kwana da firikik da fenariti sun isa, bayan wasa kuma jiki yana son kamar kwana biyu kafin a sake matsa shi.

Ɗumama jiki ma kar ka yi wasa da shi. Akwai tsarin FIFA 11+, minti 20 ne, kyauta yake a intanet, an yi shi don 'yan shekara 14 zuwa sama, ƙanana kuma suna da nasu daban.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne hana yara ruwa wai don su koyi juriya. A watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato yana haura digiri 40, ka tara 'ya'yan mutane ƙarfe uku na rana ka ce ba shan ruwa? A kofin duniya na 2014 a Brazil, wasan Holan da Meziko, alƙalin wasa da kansa ya tsayar da wasa aka sha ruwa saboda zafi, su da suke da likitoci a benci. Ka matsar da tirenin sassafe ko bayan la'asar, da azumi kuma ka sassauta sosai ko ka mayar da shi bayan tarawi in filinku akwai haske.

Kuma don Allah ka tuna da gola, ana barinsa a raga shi kaɗai sai lokacin shot, ka ware masa ko minti goma sha biyar nasa na kamu da faɗuwa da fita kwana.

Ka faɗa min ƙwallo nawa gare ku da kwana nawa kuke fita a sati, sai in zauna in rubuta maka yadda za ka raba satin in sha Allah.