Shin dole ne a rushe kayan tarihi kafin a yi aikin raya ƙasa?

Malam, ka tambaya ko za a iya gina titi ko madatsar ruwa ba tare da an shafe wuraren tarihi ba. Ana iyawa, matuƙar an shigar da masana binciken kufai tun ana zana taswirar aikin, ba sai katafila ta iso ba.

Lokacin da Masar take gina babbar madatsar Aswan, ruwan da zai taru ya kusa haɗiye haikalin Abu Simbel na Fir'auna Ramsis na biyu. UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta nemi agajin ƙasashen duniya a 1960, sannan tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka haikalin gunduwa-gunduwa, aka sake harhaɗa shi a kan tudu, mita 65 sama da mazauninsa na asali.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne badalar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya aza harsashinta. Ginin ƙasa ce, ba ta ɗaukuwa kamar dutse, don haka titi ne ya kamata ya kauce mata. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, kuma wadda aka gina a madadinta, komai kyanta, babu jar ƙasar da magabata suka kwaɓa da hannunsu a jikinta.