Amsa: Horon ma'aikatan agajin gaggawa kan haɗarin da ya rutsa da jama'a

Ɗan'uwa, ka tambaya ko horon da ake ba ma'aikacin motar asibiti a kan majinyaci ɗaya ya wadatar idan haɗari ya rutsa da mutane da yawa. A ganina bai wadatar ba, domin a irin wannan rana tantance waɗanda suka jikkata shi ne aikin farko, jinya kuma ta biyo baya. Tsarin tantancewa mai suna START, wanda aka ƙirƙiro a Kalifoniya a 1983, yana koya wa ma'aikaci kada ya wuce minti ɗaya a kan mutum guda: wanda ya iya tashi ya taka a ba shi alamar kore, wato zai iya jira, wanda kuwa numfashinsa ya haura sau 30 a minti, ko ya kasa bin umarni mai sauƙi kamar "matse hannuna", a ɗaura masa ja, wato yana buƙatar kulawa nan take. Abin da ya fi wuya shi ne a wuce mai kururuwa a nufi wanda ya yi tsit, kuma wannan ba ya zama a jiki sai an maimaita shi a atisaye, da mutane kwance a ƙasa.

Idan kuma sinadari mai guba ne, kare kai ya zo gaba. A harin iskar sarin na Tokyo a 1995, ma'aikatan agaji da na asibiti da dama sun kamu daga jikin majinyatan da ba a tuɓe wa tufafi ba. Shi ya sa ake koyar da tunkarar wurin ta inda iska ke tasowa, a tuɓe wa majinyaci kaya, a wanke shi kafin a saka shi a mota.