Na'urar ciwon bayan Inna da maganar aro

Wa alaikis salam 'yata, na ga saƙonki. Kin ce maigidanki ya sayo wa Innarsa ƙaramar na'urar nan mai batir da ake manna wa a baya, wadda suke cewa TENS, ta ji daɗinta, yanzu matan unguwa sun fara turo yara a basu aro, ke kuma kina jin nauyin hanawa kar a ce surukar gidan marowaciya ce. Sannan Inna ta ce ita fa ba za ta bar ƙahonta ba. Kina tambaya me al'ada ta ce. To ki bani hankalinki.

Gaskiya ne mu da muka tashi ba a hana maƙwabci garwashi, ba a hana turmi, balle magani. Mace ta samu saiwar da ta yi mata aiki, kafin la'asar ta gutsura ta aika wa ƙawarta, kuma duk wanda ya ɓoye magani ana masa kallon mugu. Wannan hali ne mai kyau, bana so ki rasa shi. Amma ki lura da wani abu, wanzami bai taɓa ba yaro ƙaho da aska ya ce kai wa gidan wane su yi da kansu ba. Shi yake zuwa da zabirarsa, ya dubi jikin, ya tambaya, wani ma ya ce masa kai ba ka da jini yau ba zan yi maka ba. Ita wannan na'urar ɓangaren kayan wanzami take, ba ɓangaren turmi ba.

Dalili kuwa wuta ce take sakewa cikin jiki, ƴar kaɗan dai, daga batir ta bi waya ta shiga faifan nan masu danƙo, kiji fatar tana yirrr. Aikinta shine ta shagaltar da jijiya, kin san in kin buge gwiwa kina murza wajen sai zafin ya ragu, saboda saƙon murzawar yana riga na ciwon wucewa ta lakar baya zuwa ƙwaƙwalwa. Wasu masana biyu, Melzack da Wall, su suka fito da wannan bayanin a 1965, a kanshi aka gina na'urar. Kuma dabarar ma ta girme su nesa ba kusa ba, tun zamanin Rumawa akwai likitan da ake kira Scribonius Largus da yake sa wa masu ciwon kai wani kifin teku mai jan mutum irin yadda minjirya take ja.

To ga inda matsalar aron take. Mai juna biyu bata sa ta a ciki ko a ƙugu sai da izinin likita. Mai farfaɗiya baya sa ta. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji shi kam ko kusa, dan wutar zata iya rikita masa ita, haka mai ciwon zuciya sai ya tambaya. Yanzu ki faɗa min tsakani da Allah, yarinyar da take ɗauke da cikin fari wata biyu, wadda ko uwarta bata iya buɗe baki ta gaya wa ba dan kunya, ke zata gaya wa ta bakin ɗan aike? Kuma ita ce ma bayan zai fi damunta. Farfaɗiya kuwa kin fi kowa sanin yadda ake ɓoye ta a gidajenmu, a ce iska ce, a rufe maganar saboda kar yarinya ta rasa miji. Kinga ke kin bada da zuciya ɗaya, in wani abu ya faru sunanki za a kira, a ce na'urar gidan su wance ce.

Ga kuma wanda zai karɓa bai san inda ake sawa ba, shi dai duk inda ke ciwo sai ya manna. Ba a sa ta a maƙogwaro ko gefen wuya, jini na iya sauka mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba a sawa a kai ko kusa da ido, ba a sa ɗaya a ƙirji ɗaya a baya wutar ta ratsa ta zuciya. Sannan shi faifan fatar mutum yake manne wa da guminta da komai, bai kamata ya dinga yawo gida-gida ba.

Yadda zaki fita ba tare da an ce kin yi rowa ba, kar maganar ta fito daga bakinki. Kayan Inna ne, ɗanta ya saya mata. Ki samu mijinki ki yi masa bayani shi ya zaunar da ita, in tsohuwa ta ce ɗana ya ce na asibiti ne ba a bada shi sai likita ya duba mutum, ba mai ja. Wadda ta matsa ki ce ta je sashen gashin ƙashi, likitocin fisiyo, ku da kuke Kano ga asibitin ƙashi na Dala nan, ki raka ta ma in da hali, wannan ya fi aron lada.

Maganar ƙaho kuma ki bar tsohuwa da abinta, ba hurumin suruka bane, in akwai magana ɗanta ya yi. Naki shine ki tabbatar wanzamin sabuwar reza yake buɗewa a gabanku, kuma kar a kuskura a manna faifan a kan tsagar da bata warke ba, ko inda ya yi ƙuraje ko kumburi. Haka in ta shafa man zafi sai an wanke an goge wajen ya bushe. In tana da sikari ki dinga gwada wajen da yatsa, in bata jin taɓi sosai kar a sa, dan zata yi ta ƙara ƙarfi fata ta ƙone bata sani ba. A kashe na'urar kafin a manna, faifai biyu gefe da gefen inda ke ciwon, da tazarar kamar santimita 2 zuwa 3 a ƙalla, a fara daga ƙasa ana ƙarawa a hankali har ta ji sosai amma ba zafi ba, kamar minti 30 a cire a dubi fatar. Banda barci da ita, banda shiga wanka ko zuwa alwala da ita a jiki. In tana jin nauyin buɗe miki baya ki koya wa ƴarta ko jikarta, kar ki matsa mata.

Abin da yafi damuna ma shine kar ku ɗauka an gama. Na'urar nan bata warkar da komai, lafawa take sa ciwo ya yi na ɗan lokaci, wasu ma ko hakan bata yi musu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta fitar da ƙa'idar kula da ciwon bayan da ya wuce wata 3, kuma cewa ta yi kar a mayar da TENS maganin yau da kullum dan hujjar amfaninta bata da ƙarfi, a Ingila ma tun 2016 suka faɗi haka. Abin da suka fi ƙarfafawa motsa jiki ne. Dan haka al'adar nan tamu ta cewa tsohuwa ta zauna kar ta taɓa komai, wai girmamawa, wallahi cutar da ita ake, ku barta ta taka zuwa barka da gaisuwar mutuwa, ta yi ƴar shararta.

Kuma dan Allah in kika ga tana ramewa, ko zazzaɓi da gumin dare, ko ciwon yana tashinta daga barci, ko ƙafa ta fara sanyi tana ja, ko fitsari na zubo mata bata sani ba ko yaƙi fita, ko tsakanin cinyoyinta ya mutu, a ajiye na'ura a ajiye ƙaho a tafi asibiti ranar. Tarin fuka yana cin ƙashin baya, ba huhu kawai ba, kuma ana warkewa in an kama shi da wuri. Tunda baki ce min an taɓa yi mata hoton baya ko likita ya ganta ba, ki fara tambayar mijinki wannan yau da dare, ki sanar dani abin da ya ce. Ki gaida Innar da jiki.