Gidan haya a Rigasa: in saya ko in dakata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Unguwar Mu'azu, Kaduna. Na haɗa rabona na gado da ɗan abin da na tara, ya kai naira miliyan 24. Wani dillali ya nuna mini gida a Rigasa, ciki da falo huɗu, kowanne hayarsa dubu 350 a shekara. Ya ce magada ne ke sayarwa, takardar mai unguwa ce a hannunsu, kuma cikin shekara goma zan mayar da kuɗina. Ban taɓa sayen gida ba. In saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan wanda ya bari, ya sa albarka a abin da ka samu.

Ɗauki biro tukuna. Dubu 350 sau huɗu, miliyan 1.4 ke nan a shekara. Raba miliyan 24 da wannan, za ka ga shekara 17, in ɗaki bai taɓa kwana babu kowa ba, kwano bai yi yoyo ba. To cire kuɗin kwashe masai, da fenti duk sanda ɗan haya ya tashi, da gyaran famfo, da harajin ƙasa, da wanda zai ce ka yi masa haƙuri sai an yi albashi. In miliyan 1.1 ta rage maka, ka haura shekara 20. Shekara goman dillali ba ta cikin lissafin nan.

Wannan bai sa na ce gidan banza ne ba. Mai gidan haya a Kaduna ya fi cin riba daga tashin darajar fili, hayar kuwa ta riƙe cefane. Rigasa ta ƙara daraja tun da jirgin ƙasan Abuja, wanda tasharsa ke can, ya fara aiki a 2016. Amma darajar nan ta mai takarda ce, kuma a nan hankalina bai kwanta ba.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, don haka sa hannun mai unguwa shaida ce kawai cewa an yi ciniki. Ka ɗauki lauya, naka na kanka ba na masu sayarwa ba, ku je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, a bincika filin: yana da shaidar mallaka ta gwamnati? Da sunan wa? An jinginar da shi a banki? Bai shiga hanya ko filin gwamnati ba? Ka nemi ganin izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Mutanen garin nan mun ga rusau da idonmu, kuma katafila ba ta tambayar nawa ka biya.

Sai batun gado, wanda ya fi komai damuna. Ka ga takardar rabon gado ta kotu da idonka, ka ƙirga sunayen da ke ciki, kowa ya sa hannu, har 'yan'uwa mata da ke gidajen aurensu. Mace ɗaya da ba a shaida wa ba ta isa ta kai ka kotu, kuma gaskiya na tare da ita. Kuɗi kuma ta banki, kada ka miƙa wa kowa a leda.

Ka koma gidan kai kaɗai, ba tare da dillali ba, in so samu ne bayan ruwan sama mai ƙarfi. Duba gindin katanga: in ka ga fenti ya kumbura, siminti na zubowa kamar gari in ka murza da yatsa, ruwa na kwana a wurin. Leƙa lambatu. Zauna da 'yan hayar ka tambaye su nawa suke biya da gaske, yaushe kuɗin kowa zai ƙare, don mai yiwuwa magada sun karɓi na shekara mai zuwa. Tambayi bashin wuta ma.

Shawarata, kada ka ba da ko kafin alƙalami sai sakamakon KADGIS ya fito. In ya fito lafiya, ka taya ƙasa da miliyan 24, don lauya da rajista da gyaran farko duk daga aljihunka za su fita.