Amsa ga ƙanenmu kan kafireto biyu da gilashin tare iska

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar wannan zaure. Ina gaida dattawanmu, ina gaida 'yan'uwa na Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yauri, da fatan an tashi lafiya, ya kuma sanyi. Na saurari saƙon da ƙanenmu ya aiko daren jiya, inda ya ce ya sayi Suzuki GS500 na hannu, yana zirga-zirga da shi tsakanin Birnin Kebbi da Yauri duk mako, kuma abu biyu sun dame shi. Na farko, babur ɗin yana karkarwa idan an bar shi a silo, wato injin yana aiki ba a murɗa totur ba, wani lokaci ya mutu a tsaye, har wani bakanike ya ce masa sai an daidaita kafireto. Na biyu, sanyin asuba yana dukan ƙirjinsa a hanya, yana son ya ɗaura dogon gilashi a gaba. Wani ɗan'uwa mai Boxer kuma ya tambaya ko shi ma nasa yana buƙatar wannan daidaitawar. Ku yi mini haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo, domin maganar ba ta gaggawa ba ce.

Ɗan'uwa mai Boxer, kwantar da hankalinka. Babur ɗinka silinda ɗaya gare shi da kafireto ɗaya, haka ma Jincheng da Haojue da yawancin baburan da 'yan kabu-kabu suke hawa, saboda haka babu abokin da za a daidaita shi da shi. Naka wanki yake so da gyaran silo da sukurun iska.

Ƙanena, naka daban ne. GS500 silinda biyu ne a jere, kowace da nata kafireton na Mikuni, kuma a cikin maƙogwaron kowanne akwai ɗan faifai da ke buɗewa idan ka murɗa totur. An haɗa faifan biyu da wani sukuru mai sufirin a tsakanin kafireton, domin su buɗe tare, su rufe tare. Da tafiya ta yi tafiya, girgiza da cinyewar ƙarfe sukan sa ɗaya ya ɗan fi ɗaya buɗewa, sai silinda ɗaya ta riƙa samun iska da mai fiye da 'yar'uwarta, ta riƙa jan ta kamar shanun huɗa biyu da ɗaya ya fi ɗaya sauri. Abin da nake so ka riƙe shi ne, wannan bambanci a silo yake bayyana da kuma lokacin da ka fara tashi, domin a nan ne faifan suke kusan rufe, tazarar da ba ta fi kaurin gashi ba sai ta zama babba. Idan totur ya buɗe sosai, bambancin yakan ɓace. Don haka in babur ɗinka yana shaƙewa ne a guje, bayan ka wuce Koko ka sake masa mai, to ciwon yana wani wuri, kuma juya wannan sukurun ba zai warkar da shi ba.

Ban ce bakanikenka ya yi kuskure ba, mai yiwuwa ne ya yi daidai. Abin da nake jin tsoro shi ne a fara da abin da ya kamata a ƙare da shi. Ma'aunin da ake daidaitawa da shi ƙarfin zuƙar iska yake aunawa, kuma duk abin da ya taɓa numfashin silinda zai canza abin da ma'aunin zai nuna. Saboda haka a fara duba tazarar bawul injin yana sanyi, an bar shi ya kwana. A wannan babur tazarar tsakanin milimita 0.03 ne zuwa 0.08, ƙarama ce ƙwarai, kuma da ƙananan faya-fayan ƙarfe ake gyara ta, ba da sukuru ba kamar na CG125. Bawul ɗin da ya matse yakan kawo irin wannan mutuwar a silo, musamman idan injin ya ɗauki zafi. Daga nan a ciro matatar iska, domin a wannan hazo na hunturu mako kaɗan ya isa ƙura ta toshe ta. A duba fulogi biyun a kwatanta launinsu. A haska robobin da suka haɗa kafireto da kan injin, domin zafin bazararmu yana busar da su har su tsage, kuma ƙaramar tsaga ta isa ta shigar da iskar da ba a lissafa da ita ba. Sannan a wanke ƙananan jet na silo, wato 'yan ƙarafa masu siririn rami da mai ke bi a cikin kafireto, tunda duk wanda ya taɓa tsayawa wurin 'yan bumburutu a hanya ya san yadda datti da ruwa suke biyo fetur ɗin galan. Sau da dama, a gabana, an gama waɗannan kawai injin ya kwanta lafiya ba a taɓa sukurun tsakiya ba.

Idan an gama duk wannan kuma karkarwar tana nan, sai a zo ga daidaitawa. Wasu sukan yi ta da kunne, ko su tara tafin hannu a bakin salansa, kuma ina girmama kunnen tsofaffin ma'aikata, amma a nan ma'auni ya fi. In ba a sami agogon auna zuƙar iska ba, ana iya haɗa ma'auni a gida. A nemi siririn tiyo mai garai-garai wanda ake ganin cikinsa, kamar mita 4 zuwa 5, a lanƙwasa shi biyu a kafe a jikin katako a tsaye, bakunan biyu suna sama, a zuba ɗan mai mai launi, irin na injin janareto ƙarami ko jan man giyar mota, har ya hau kamar rabin mita a kowane ɓangare. Turawa a da zaiba suke zubawa, amma zaiba guba ce, kuma ta fi ruwa nauyi sau 13.6, don haka mai ya ma fi ta saurin nuna ƙaramin bambanci. Na fi son mai a kan ruwa, saboda in aka yi tsautsayi injin ya zuƙe shi, hayaƙi kawai zai yi na ɗan lokaci. Idan aka cusa tsohon jet ƙarami a cikin kowane baki na tiyon, man ba zai riƙa tsalle ba.

Za a ɗumama injin tukuna da 'yar tafiya ta minti goma, a ɗaga tanki a ajiye shi inda mai zai riƙa gangarowa, a mayar da famfon mai kan PRI, wato inda mai ke wucewa kai tsaye ko injin bai tashi ba, a cire hulunan roba da suka toshe ƙananan bakunan zuƙar iska, a sa kowane bakin tiyo a ɗaya. A kunna fanka tana hura injin, domin iska ce kaɗai take sanyaya shi, babu lagireto. Hannunka ɗaya ya kasance kusa da makashin injin lokacin tayarwa, domin idan bambancin ya yi yawa man zai ruga sama nan take. Ɓangaren da man ya hau shi ne wanda faifansa ya fi rufewa. Sai a juya sukurun tsakiya kaɗan, abin da bai kai kwatan zagaye ba, a ɗauke sukundireba, a ɗan murɗa totur a sake shi, a jira man ya natsu, sannan a sake dubawa. Ɗauke sukundireban yana da muhimmanci, domin nauyin hannunka kaɗai yana danne faifan ya ruɗe ka. Idan man ya tsaya kusan kai ɗaya, a mayar da silo wajen juyi 1,200 a minti, a mayar da hulunan roba, a kuma mayar da famfo kan ON, domin in an manta shi a PRI mai yana iya malala cikin injin da daddare. Masu silinda huɗu, irin CB400 Super Four, su daidaita ta ɗaya da ta biyu, ta uku da ta huɗu, sannan su haɗa ɓangarorin biyu da sukurun tsakiya. Ina roƙonku don Allah a yi wannan aiki a fili, nesa da sigari da garwashin mai shayi.

Yanzu gilashi. Sanyin da kake ji gaskiya ne, kuma bai kamata a raina shi ba, domin wanda jikinsa ya sandare hannunsa yakan yi nauyi a birki. Ƙarfin da iska take tura ƙirjinka da shi yana ninkuwa huɗu idan ka ninka gudu biyu, wato abin da kake ɗauka a kilomita 80 ya ninka na kilomita 40 sau huɗu, shi ya sa kake isa Yauri kafaɗunka suna ciwo. Gilashi zai rage maka wannan, zai tare maka ƙwarin da ke tasowa daga fadamun shinkafa da magariba, da tsakuwar da tayar mota take harbowa, da wani ɓangare na ruwan damina.

Sai dai ban goyi bayan dogon da kake so ba. Ka hau babur ɗin kamar yadda kake zama a hanya, tayoyi a ƙasa, wani ya riƙe maka kwali a gaba, ku yanke shi har bakinsa na sama ya zo daidai tsakanin leɓenka na sama da kan hancinka. Da wannan kwalin za ka je kasuwa. Ana so ka riƙa kallon hanya ta saman gilashin, kana ganin kwalta daga kamar mita 15 a gabanka, domin ranar da hazo ya lulluɓe shi da ƙura, ko ruwa ya zauna a kansa da dare fitilar tirela ta haske shi, wanda yake leƙe ta cikinsa ba zai ga rami ba, ba zai ga saniyar da ta shigo hanya ba. Akwai kuma maganar iskar gefe. A babur irin naka a kan sitiyari ko a marikin fitila ake ɗaure gilashi, duka biyun kuma suna juyawa tare da tayar gaba, don haka duk iskar da ta doki gilashin hannunka take ja. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kai kuma kudu kake nufa daga Jega, saboda haka ta hagunka take dukan ka, ta hagun ɗin nan kuma manyan motoci suke wuce ka da tasu guguwar. Babban gilashi a irin wannan hali kamar ka riƙe faifan tabarma ne a gaban hadari. Ga mai Boxer ma abin ya fi tsanani, domin injinsa ƙarami ne, babba zai ci masa gudu da mai, sai dai ɗan gajere.

Wajen saye, da roba ake yin wannan gilashi, kuma iri biyu ce a kasuwa. Akwai akirilik, mai haske da araha, wadda ake iya goge mata ƙarzuwa amma takan tsage ta bar kaifi, akwai kuma folikabonet, wadda ta fi ta jure duka nesa ba kusa ba, sai dai tana saurin ƙarzuwa idan ba a shafe ta da kariya ba. Don tsakuwar hanyarmu, ta biyun zan zaɓa. A kafa shi da karkata irin ta ƙafafun gaba, a bar 'yar tazara tsakaninsa da fitila domin iska ta shiga ta ƙasa, in ba haka ba za ta riƙa kaɗa maka hular kwano har kanka ya yi ciwo. A sa ɗan zoben roba a kowane rami, kada a ɗaure noti da ƙarfi. Na taɓa rasa sabon gilashi a cikin mako ɗaya saboda wanda ya ɗaura mini ya cire robobin ya matse notin, tsagar ta faro daga ramin ta ratsa har sama, kuma na ji zafin asarar. Bayan an ɗaura, ka juya sitiyari zuwa ƙarshen dama da hagu, ka tabbata bai taɓa tanki ba, bai ja wayar totur ko ta kuloci ba.

Kada ka taɓa goge shi a bushe, domin ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, za ta dusashe shi kafin damina. Ka shimfiɗa masa jiƙaƙƙen tsumma na ɗan lokaci, ka kwarara ruwa, ka wanke da sabulu mai sauƙi, kuma fetur kada ya kusance shi. In za ka ajiye babur a rana, ka yafa masa ƙyalle. Hannuwa da gwiwoyi suna waje da kariyarsa, saboda haka safar hannu da rigar da iska ba ta ratsawa suna nan a wajabce, haka ma hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗura ta fara tilasta sanyawa tun 1 ga Janairun 2009.

Ƙanena, ka sa a auna bawul ɗin ranar Asabar da safe kafin a tayar da injin, ka rubuta abin da aka samu a kan dukkan bawul huɗun, ka ɗauki hoton fulogi biyun ka turo nan zaure. Katakon ma'aunina yana nan a gida, in an kai ga daidaitawar sai ka zo da babur ɗin bayan la'asar mu yi tare. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.