Katin ATM ba takardar wakilci ba ne, Alhaji

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Hawan jini ya matsa mini, zan tafi Masar a duba ni. Na bar wa ƙanena katin ATM da lambar sirri da makullin shago. Hakan ya wadatar?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji. Bai wadatar ba.

Ban ce ƙanenka zai ci amana ba. Kuskurenka shi ne ka damƙa masa komai, ba ka rubuta komai ba. Idan wanda kake bi miliyan 8 ya ce "da Alhaji na yi ciniki, ba da kai ba", me zai nuna masa? Ranar da katin ya daina aiki, wa zai saurare shi a banki?

Na san wani mai hatsi da ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta daina fita. Ɗan'uwansa ya riƙe sito tsakani da Allah, amma ba littafi, ba shaida. Da mai shi ya rasu, 'ya'ya suka ce buhu 500 aka bari, baffansu ya ce 300. A gaban alƙali zumuncin ya mutu.

Kafin ka hau jirgi, je wurin lauya ya rubuta takardar wakilci. A fayyace: ya sayar da kaya, ya karɓo bashi, ya biya haya. Kada ya sayar da shago ko fili, kada ya ci bashi da sunanka. Kuɗin da ya haura, a ce, miliyan 2, sai babban ɗanka ya sa hannu. A sa shaidu, a kai wa banki su shigar da sunan ƙanenka.

A Amurka akwai wakilcin da ke ci gaba ko da hankalin mai dukiya ya gushe. A Najeriya takardar da aka saba yi tana iya faɗuwa a wannan hali, daidai lokacin da ake buƙatarta. Don haka ka yi wa kasuwancin rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da daraktoci biyu, don idan ɗaya ya kasa ɗayan ya ci gaba. Rajistar suna kawai ba ta raba ka da shagon.

Idan kuwa ta Allah ta kasance, wakilci ya ƙare nan take, dukiya ta koma ta magada. Ka faɗa wa ƙanenka wannan da bakinka, kuma ku ƙirga dilolin da ke sito tare, kowa ya sa hannu.